Hanyoyin da Littafi Ke Bi Kafin a Kira Shi Adabin Duniya

A cikin ƙarni na 6, Kisra Anushirwan, sarkin Farisa da ya yi mulki daga shekarar 531 zuwa 579, ya tura likitan fadarsa mai suna Barzawaihi zuwa ƙasar Indiya, shi kuma ya dawo masa da wani littafi na labarun dabbobi da aka shirya domin koya wa 'ya'yan sarakuna dabarun riƙon mulki. Aka juya littafin daga harshen Sanskirit zuwa tsohon Farisanci. Wajen shekarar 750, daidai lokacin da mulki ke fita daga hannun Banu Umayya yana komawa hannun Abbasiyawa, Ibnul Muƙaffa, Bafarishen magatakarda da ya yi aiki a zamanin gidajen biyu, ya mayar da shi Larabci da sunan Kalila wa Dimna. Daga wannan fassara ce littafin ya bazu. A shekarar 1251 Yarima Alfonso na Kastila, wanda ya hau gadon sarauta a shekarar da ta biyo baya, ya sa aka fassara shi zuwa harshen ƙasarsa, ta wata hanyar kuma ya bi ta Ibrananci ya shiga Latin, daga nan ya ratsa harsunan Turai ɗaya bayan ɗaya.

Labarun masu daɗi ne, babu wanda zai yi musu a kan wannan, amma Indiya ta wancan zamani cike take da labarai masu daɗi waɗanda ba su taɓa ƙetare iyakarta ba. Abin da ya bambanta wannan littafi shi ne cewa a manyan zangon tafiyarsa an sami sarki mai buƙatarsa, da magatakarda mai iya harsuna biyu, da baitulmalin da zai biya kuɗin takarda da tawada. Ra'ayina, bayan abin da na karanta na muhawarar masana a kan adabin duniya, shi ne cewa wannan tsari bai sauya ba har yau, fadojin ne kawai suka sauya. Littafi kamar kaya ne a cikin ayari: komai kyawunsa, sai akwai madugun da ya san hanya ya kuma yarda ya ɗauke shi, sannan zai isa kasuwar da ke nesa.

Masana sukan fara tarihin wannan muhawara daga ranar 31 ga Janairun 1827, lokacin da marubucin Jamus Goethe, yana ɗan shekara 77 a garin Weimar, ya shaida wa almajirinsa Eckermann cewa yana karanta wani ƙagaggen labari na ƙasar Sin, kuma ya ga mutanen cikinsa suna tunani da ji kamar yadda Jamusawa ke yi. Daga nan ya ce zamanin adabin ƙasa ɗaya ya kusa shuɗewa, na duniya ya ƙarato. Ana yawan kawo wannan magana a matsayin shaidar faɗin zuciyarsa, kuma lalle yana da ita, domin tun a 1819 ya fitar da diwanin waƙoƙi da ya rubuta bayan ya karanta Hafiz na Shiraz. Sai dai akwai abubuwan da ba a cika ambata ba. Goethe bai iya Sinanci ba, fassarar Turawa ya karanta, irin wadda ke isowa Turai a zamanin da jiragen ruwan 'yan kasuwa da na 'yan mishan ke kai da komo a gabar Sin. Kuma a cikin wannan hira dai ya ja kunnen almajirin nasa cewa duk yadda aka yaba wa na waje, abin koyi na haƙiƙa yana wurin Girkawan dā. Ya buɗe ƙofa ga kowa, amma ya riƙe ma'auni a hannunsa. Marx da Engels, da suka zo a 1848, sun faɗi abin ƙarara: kasuwar duniya da 'yan jari-hujja suka buɗe ita ce ke haifar da adabin duniya.

Shekara takwas bayan hirar Weimar, a watan Fabrairun 1835, Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin Ingila ta Indiya takardar shawara kan harshen da ya kamata a kashe kuɗin ilimi a kansa. A ciki ya amsa da bakinsa cewa bai san Sanskirit ba, bai san Larabci ba, amma duk da haka ya yanke hukunci cewa kanta guda ta littattafan Turai ta fi dukkan adabin Indiya da na Larabawa daraja. Wannan hukunci ya zama manufar gwamnati. Gauri Viswanathan ta nuna a bincikenta na 1989 cewa an fara koyar da adabin Ingilishi a matsayin darasin makaranta a Indiya tun kafin ya sami irin wannan gurbi a jami'o'in Ingila kanta, saboda masu mulki suna neman hanyar cusa tarbiyyarsu ba tare da sun taɓa addinin mutane kai tsaye ba. Abin da Edward Said ya ƙara a kan wannan, a littattafansa na 1978 da 1993, shi ne cewa ko ƙagaggun labaran da ba su yi maganar mulkin mallaka ba suna zaune ne a kan dukiyarsa, kamar yadda gidan ƙauyen Ingila a wani labarin Jane Austen ke rayuwa da kuɗin gonar rake ta Antigua.

Labarin Dare Dubu da Ɗaya ya fi kowanne nuna mini yadda ake yin abin. Antoine Galland ya fitar da fassararsa ta Faransanci a mujalladi 12 daga 1704 zuwa 1717. Rubutun Larabcin da ke hannunsa ya ƙare tun kafin dare na 300, ga masu karatu kuma suna neman ƙari. A shekarar 1709 ya haɗu a Faris da wani saurayi Kirista ɗan Halab mai suna Hanna Diyab, wanda ya riƙa ba shi labarai da baki, shi kuma yana rubutawa a kundinsa na yau da kullum. Labarin Alauddin da fitilarsa da na Ali Baba da ɓarayi 40, waɗanda yau yara a ko'ina suka fi sani a cikin littafin, daga bakin wannan saurayi suka fito, kuma Galland bai sa sunansa a littafin da ya buga ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne cewa a wurin malaman Larabci na wancan zamani, Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, hira ce ta kasuwa da gidajen gahawa, ba a jera ta da Maƙamatul Hariri ko waƙoƙin Mutanabbi. Faris ce ta ɗaga darajarta, daga baya darajar ta komo gida. Wannan shi ne abin da Pascale Casanova ta gina littafinta na 1999 a kansa, inda ta ce duniyar adabi tana da babban birni, kuma marubucin da ke gefe ba ya zama na duniya sai babban birnin ya sa masa hannu. Franco Moretti ya taƙaita shi a 2000 da cewa tsarin ɗaya ne amma ba daidai yake ba, David Damrosch kuma a 2003 ya ce adabin duniya shi ne duk rubutun da ya fita daga gidansu ya ci gaba da rayuwa a wani wuri. Ma'anar Damrosch tana da sauƙin kamawa, amma tana tsallake tambayar wanda ya biya kuɗin fitar.

A zamanin yaƙin cacar baka ne wannan tambaya ta sami amsa a rubuce, da rasidi. A watan Yunin 1950 aka kafa wata ƙungiyar kare 'yancin al'adu a Berlin, wadda daga baya ta zauna a Faris, tana ɗaukar nauyin mujallu da taruka a ƙasashe da dama. Sai a 1966 da 1967 jaridun Amurka suka fallasa cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ce ke zuba mata kuɗi ta hannun wasu gidauniyoyi na bogi. Cikin waɗanda suka ci gajiyar kuɗin akwai mujallar Encounter ta Landan, da Hiwar ta Beirut wadda ta fara buga shahararren labarin Ɗayyib Salih na Sudan a 1966, da Transition da Rajat Neogy ya kafa a Kampala a 1961, da Black Orpheus da ƙungiyar Mbari ta Ibadan. Hukumar CIA dai ita ce ta buga labarin marubucin Rasha Boris Pasternak da Rashanci a ɓoye, bayan an hana shi fitowa a Mosko ya fito a Milan da Italiyanci a 1957, aka riƙa miƙa wa 'yan Tarayyar Sobiyet da suka je baje kolin Brussels a 1958. A shekarar ce aka ba shi kyautar Nobel, gwamnatinsa ta tilasta masa ƙin karɓa. Hukumar da kanta ta saki takardun da suka tabbatar da wannan a 2014. Ɗaya ɓangaren ma, wato na Tarayyar Sobiyet, bai naɗe hannu ba: an yi taron marubutan Afirka da Asiya a Tashkent a 1958, aka kafa mujallar Lotus a 1968 tana fitowa da Larabci da Ingilishi da Faransanci, tare da kyauta mai wannan suna wadda Mahmud Darwish da Ngugi wa Thiong'o da Chinua Achebe duk suka samu.

Taron da ya fi shafar Afirka shi ne na Makerere a Kampala, a watan Yunin 1962, wanda waccan ƙungiya ta Faris ta biya kuɗinsa. Achebe ya halarta, haka Wole Soyinka da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele, da Langston Hughes daga Amurka, da Ngugi yana ɗalibi. Sunan taron kansa ya iyakance shi ga marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi. Ngugi ya yi nuni daga baya cewa shi, da 'yan gajerun labarai a mujallar ɗalibai, ya cancanci kujera, amma Shaaban Robert, babban mawaƙin Swahili, da D. O. Fagunwa, wanda Yarabawa ke karanta labaransa tun 1938, ba su cancanta ba. Mu ƙara da cewa a wannan lokaci Abubakar Imam ya kusa shekara 30 yana rubutu, Sa'adu Zungur ya riga ya rasu ya bar waƙoƙin da suka girgiza siyasar Arewa, Mu'azu Haɗeja ma haka. A shekarar dai kamfanin Heinemann na Landan ya fara jerin littattafan marubutan Afirka, Achebe yana mai ba da shawara kan abin da za a buga har zuwa 1972, kuma saboda littattafan sun shiga manhajar jarrabawa a ƙasashen da suka sami 'yancin kai, su ne suka zama abin da duniya, har da 'yan Afirka da suka yi boko, ke nufi idan an ce adabin Afirka. Obi Wali ya yi gargaɗi a 1963, a cikin Transition ɗin kanta, cewa wannan hanya ba ta ɓullewa. Ngugi bai bi shawarar a ƙagaggun labaransa ba sai bayan da aka tsare shi a gidan yarin Kamiti a ƙarshen 1977 saboda wasan kwaikwayon da ya shirya da manoma cikin harshen Gikuyu, inda ya rubuta labarinsa na farko da harshen uwa a kan takardar banɗaki. Gwamnatin da ta ƙyale littattafansa na Ingilishi, duk da zafin sukar da ke cikinsu, ba ta iya jure wa wasan da talakawan ƙauye za su fahimta ba.

A nan ne nake rabuwa da wasu masu nazari da ke ganin cewa da zarar an gano inda kuɗi ya fito, magana ta ƙare. Yawancin waɗannan marubuta ba su san asalin kuɗin ba, kuma abin da suka rubuta bai yi wa Amurka hidima ba ta kowace fuska da za a iya nunawa. Neogy ma ɗaurin kurkuku ya sha a hannun gwamnatin Obote a 1968. Waƙoƙin Okigbo ba su rage kyau ba don Mbari ta buga su, labarin Ɗayyib Salih kuma yana cikin mafi zafin abin da aka rubuta kan abin da Turai ta yi wa zukatan waɗanda ta mallaka. Ikon mai kuɗi ya fi bayyana wajen zaɓe: wane ne za a gayyata, da wane harshe za a yi magana, wane salo ne za a kira na zamani, wane ne za a bari a gida. Mai ƙarfi ba kasafai yake gaya wa marubuci abin da zai rubuta ba, ya ishe shi ya tsara wanda za a ji muryarsa. Saboda haka shigar littafi cikin jerin adabin duniya ba laifi ba ne a kansa, rashin shigarsa kuma ba ya gaya mana komai game da darajarsa.

Kyaututtuka ma haka suke. Mutum 18 ne ke cikin majalisar Suwidin da ke ba da Nobel ta adabi, kuma ba za su iya auna abin da ba su iya karantawa ba. Tagore, mawaƙin Indiya, wanda ya fara samu daga wajen Turai a 1913, ya samu ne bayan ya fassara waƙoƙinsa daga Bengali zuwa Ingilishi da kansa, Yeats, mawaƙin Ireland, ya rubuta masa gabatarwa. Larabci, duk da tsawon tarihinsa, sau ɗaya ya samu, ta hannun Najib Mahfuz a 1988. Soyinka a 1986 da Abdulrazak Gurnah a 2021 da Ingilishi suka rubuta, Ngugi kuma ya rasu a 2025 bai samu ba. Ita kuwa kyautar Booker, wadda aka fara bayarwa a 1969, sunan kamfanin da ya yi arziki da gonakin rake a Guyana take ɗauke da shi, abin da ya sa John Berger, da ya ci ta a 1972, ya tsaya a wurin bikin ya soki kamfanin, ya kuma ba ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panthers ta Ingila rabin kuɗin.

Hausa tana da nata kason a wannan tarihi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 daga Hukumar Fassara ta Zariya ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, kuma manufarta samar wa makarantun gwamnati abin karantawa da boko. Hukumar mulkin mallaka ce ta zaɓi haruffa, ta zaɓi tsawon littafi, ta zaɓi cewa zube ake so, alhali a lokacin waƙa ce rubutun da malamai suka ɗauka da daraja. Da aka zo Magana Jari Ce, wanda ya fito a littattafai uku daga 1937 zuwa 1939, East ya tara wa Imam littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, shi kuma ya sassaƙa su ya sa musu rigar Hausa har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Duk wanda ya karanta shi a firamare ya karanta adabin duniya ba tare da an gaya masa ba. Wannan aiki bai gaza na Ibnul Muƙaffa ba a irinsa, sai dai hanyar ta kasance mai shigowa kawai: labaran duniya sun shigo Hausa ta Zariya, amma ba a yi wani tanadi na fitar da abin da Imam ya yi da su ba. Shaihu Umar ya sami fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett a 1967, kuma da wuya a raba wannan da kasancewar marubucinsa shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko.

Akwai kuma wata tsohuwar hanya da littattafan Casanova da Moretti ba su cika waiwaya ba. Idan watan Maulidi ya kama a Kano ko Zariya ko Damagaram, za ka ji ana rera Ishiriniya a zauruka da masallatai har tsakar dare, wani ya ja baiti jama'a su amsa, tsofaffi da yawa ba sa ko duba takarda. Alfazazi, wanda ya tsara ta, mutumin Andalus ne da ya rasu a 1230. Burda ta Busiri daga Masar ta zo, Maƙamatul Hariri daga Basra, waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi kuma daga Larabawan jahiliyya, duk ana karanta su a gaban malami ana fassara su da Hausa kalma bayan kalma. Waƙar da ta yi shekara kusan 800 ana rera ta a nisan dubban kilomita daga inda aka haife ta ta cika kowane sharaɗi na Damrosch. Amma ban yarda a mayar da wannan hanya wani zamani na tsarki da babu ruwansa da iko ba. Fataken Sahara da ayarin mahajjata da fadojin Mali da Songhai da Borno da Sakkwato su ne suka ɗauke ta, ita ma tana da nata babban birni da nata gefe, kuma a cikinta Larabci ne a sama, Hausa da Fulatanci suna ƙasa. Nana Asma'u ta san da wannan sarai, shi ya sa take rubuta wa malamai da Larabci, ta rubuta wa mata da sauran jama'a da Fulatanci da Hausa.

A yau fada ta koma hannun kamfanonin ɗab'i kaɗan da ke Landan da New York da Faris, da baje kolin littattafai na Frankfurt, da hukumomin da gwamnatoci ke kafawa domin tallata harsunansu. An daɗe ana kiyasta cewa fassara ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na littattafan da ake bugawa a Amurka ba, don haka ƙofar ƙarama ce, masu jira kuma suna da yawa. Koriya ta Kudu ta gane haka, ta kafa hukuma ta musamman da ke horar da masu fassara tana kuma tallafa wa kamfanonin waje su buga littattafanta, wasu gidauniyoyi masu zaman kansu suna yin irin wannan aiki. Han Kang ta ci Booker ta ƙasa da ƙasa a 2016, ta ci Nobel a 2024. Gwaninta ce ta ci, amma gwanintar ta tarar da hanya a share. Tun 2016 kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa, ta fam 50,000, ana raba ta biyu daidai tsakanin marubuci da mai fassara, kuma ta je ga Larabcin Oman a 2019, da Hindi a 2022, da Kannada a 2025, wanda ke nuna ƙofar tana ɗan faɗaɗa, ko da yake har yanzu sai an bi ta Ingilishi.

Marubutan Hausa na Kano sun fitar da ɗaruruwan littattafai tun daga shekarun 1980, da kuɗin aljihunsu, suka sayar a kasuwa, ana karanta su a gidajen rediyo, yanzu kuma sun koma wayar hannu. Masu karatu ba su taɓa yi musu ƙaranci ba. Abin da babu shi ne mai fassara da za a biya shi ya zauna shekara guda a kan littafi ɗaya, da edita da zai tsaya a kansa, da wanda zai ɗauke shi ya kai wa kamfanonin waje. Lokacin da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito da Ingilishi a 2012, cikin fassarar Aliyu Kamal, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga shi, shekara 22 bayan fitowarsa da Hausa.